Ina Arahar Take? Nasiha Ga Mai Son Buga Littafinsa da Kansa a Suleja

Duk wanda ya bi tarihin talifi a ƙasar Hausa zai tarar cewa masu alƙalami ba su taɓa ƙaranci ba, abin da ya daɗe yana tsaye tsakanin mawallafi da mai karatu shi ne maɗaba'a, da kuɗin da take ci, da nisan da ke tsakaninta da mai rubutu. A nan garin namu, tun yana amsa sunan Abuja, Malam Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi sun tattara tarihin sarakunan Zazzau da suka taso daga Zariya, tun daga Muhammadu Makau zuwa Abu Ja wanda ya kafa garin a 1828, amma kafin duniya ta san wannan aiki sai da aka fassara shi da Turanci aka buga a Ibadan a 1952. Da farko ƙofa ɗaya ce ga mai rubutun Hausa, wato Hukumar Talifi ta Zariya, wadda gasarta ta 1933 ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na ɗan'uwansa Bello Kagara, dukansu 'ya'yan Kagara da ke cikin jiharmu ta Neja a yau. Daga bisani aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Wanda waɗannan hukumomi suka karɓi rubutunsa ya fito, wanda ba su karɓa ba kuwa sai ya naɗe takardunsa ya ajiye a akwati.

Da tattalin arziki ya tsananta a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka maƙale wa littattafan makaranta, sai marubutan Kano suka buɗe wa kansu wata ƙofa: su rubuta, su nemi kuɗi, su kai maɗaba'a, su ɗauko kaya su kai wa 'yan kasuwa. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa da wasu ɗaruruwa suka isa hannun masu karatu ba tare da sun jira izinin kowa ba. Sai dai wannan hanya tana da sharaɗi mai nauyi, domin injin da ake bugu da shi ba ya yin araha sai an buga da yawa, shi ya sa mawallafi yake zuba jarinsa duka a kwafi 1,000 ko 2,000 tun kafin ya san ko za a saya, ya raba wa masu shaguna bashi, sannan ya yi ta sintiri yana karɓar kuɗinsa tsinta-tsinta. Wanda littafinsa ya karɓu ya ci riba, wanda nasa bai karɓu ba kuwa ya bar wa gara da laima abinci a kusurwar ɗaki.

To yanzu ga wata hanya ta uku ta zo, wadda matasan marubuta ke ta ambato, wato ɗab'i gwargwadon buƙata: ba a buga littafi sai an nema, idan mutum ɗaya ya nema a buga ɗaya, idan goma ne a buga goma. A haƙiƙa ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin haka magabata suka yi da littattafan ilmi kafin zuwan maɗaba'a. Almajirin da ya isa karanta Risala ko Ishriniya sai ya kwafa da hannunsa, ko ya biya mai kyakkyawan rubutu ya kwafa masa, ba a taɓa tara kwafi dubu ana jiran mai saye ba. Abin da ya sabunta shi ne inji ya karɓi aikin alƙalami. Ra'ayina a kan wannan mas'ala, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa hanyar alheri ce ga mawallafin Suleja matuƙar ya fahimci inda ake auna araha: kuɗin da kwafi ɗaya ya ci daga lokacin da ya bar inji har ya shiga hannun mai karatu, a haɗa da kuɗin kwafin da ba a sayar ba. Wanda ya tsaya ga farashin da aka rubuta masa a bakin inji kaɗai, lallai ya yi lissafin dokin rano.

Dalilin bambancin farashi yana cikin yadda injunan biyu ke aiki. Tsohon inji, irin Kord ɗin nan na kamfanin Heidelberg da ya cika maɗaba'un ƙasar nan, sai an ƙona masa farantin bugu ga kowane rukunin shafuka, a ɗaura, a daidaita tawada, a ɓata takardu wajen gwaji, kuma wannan ɗawainiya kuɗinta ɗaya ne ko kwafi 50 za a buga ko 5,000; saboda haka gwargwadon yawan bugu gwargwadon sauƙin kowane kwafi. Sabon inji kuwa kai tsaye yake karɓar rubutu daga kwamfuta ba tare da faranti ba, don haka kuɗin kwafi na farko kusan daidai yake da na ɗari. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa shirya tsohon inji zai ci naira 300,000 sannan kowane kwafi ya ci 600, shi kuwa sabon inji yana karɓar 2,000 a kan kowane kwafi. Wanda ya buga 1,000 a tsohon inji ya kashe 900,000, yana murna kwafi ya faɗo masa a 900. Amma idan 200 kaɗai ya sayar cikin shekara, to kowane kwafin da ya sayar ya tsaya masa a kan 4,500, sauran kuɗinsa kuwa suna kwance cikin kwali. Wanda ya buga 200 ɗin a sabon inji 400,000 ya kashe, ba shi da ragowar kaya, kuma rabin miliyan na nan a aljihunsa. A wannan lissafi injunan biyu suna yin kunnen doki ne a wajen kwafi 215, daga nan zuwa sama tsohon inji ya fi sauƙi. Kowane mawallafi yana iya karɓo farashin ranar daga maɗaba'u biyu ya yi irin wannan lissafi da kansa, kuma wajibi ne ya sabunta shi a kowane bugu, domin masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, akasarin takardar littafi daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin rim yake bin dala sawu da ƙafa.

Mu waiwayi kamfanonin ƙetare, tun da yake su ne sunayensu suka fi yawo a bakin matasa. Mafi shahara shi ne sashen Amazon da ake kira KDP, wanda ya haɗiye CreateSpace a 2018. Sai IngramSpark da aka buɗe a 2013, wanda ƙarfinsa shi ne shigar da littafi cikin kundin da shagunan littattafai da ɗakunan karatu na Turai da Amurka ke saye daga ciki, ya kuma daina karɓar kuɗin ɗora littafi a 2023. Sai Lulu da aka kafa tun 2002. Adalci ya wajabta a faɗi alherinsu: ba sa karɓar ko sisi kafin a ɗora littafi, bugunsu mai tsabta ne, kuma mutumin da ke Landan ko Toronto zai danna waya littafi ya iske shi gida cikin 'yan kwanaki. Amma mu bi kuɗin mu ga inda yake tsayawa. Littafi mai shafi 200 baƙi da fari yana cin dala 3.40 wajen bugu a Amurka. Idan mawallafi ya sa masa dala 10, Amazon na ba shi kashi 60 cikin ɗari, wato dala 6, a cire kuɗin bugu saura 2.60, da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka, sai a yanke kashi 30 cikin ɗari na abin da ya samu a cinikin can, ya tashi da dala 1.82, wadda ba za ta iso shi ba sai bayan kwana 60 da ƙarewar watan cinikin, kuma galibi sai ta bi ta hannun wani kamfani na tsakani irin Payoneer. Idan kuwa ya sauko da farashi ƙasa da dala 9.99, to tun daga watan Yunin 2025 kasonsa ya koma kashi 50.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan babbar matsalar, wato cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da ke da maɗaba'a a Nijeriya. Kwafin da malamin makaranta a Kwamba ko 'yar kasuwa a Madalla za su saya sai an buga shi a Amurka ko Turai an ɗoro shi a jirgi, kuma sau da yawa kuɗin jigila ya fi kuɗin bugun kansa; dala 10 kaɗai ta haura naira 10,000 nesa ba kusa ba, tun ba a zo maganar dako ba. Ƙari a kan haka, jerin harsunan da KDP ta amince a buga da su ya ƙunshi harsunan Turai masu yawa da wasu na Indiya, amma Hausa ba ta ciki, kuma mai ɗora littafin Hausa da sunan wani harshe yana cikin hatsarin a sauke masa shi ko a rufe masa asusu. Don haka hukuncin a bayyane yake. Wanda ya yi rubutu da Turanci, ko yake da masu karatu a ƙetare, ko malamin jami'a da ke son takwarorinsa na duniya su samu littafinsa, ya ɗora shi a can, bai yi asarar komai ba. Wanda kuwa masu karatunsa suke tsakanin Suleja da Minna da Kaduna da Kano, maslaharsa tana gida.

Kuma Allah ya yi wa garin nan baiwar wuri. Abuja na bakin ƙofa, inda masu bugu suka daɗe da yin sansani a Area 10 ta Garki, kuma da yawansu sun mallaki sabon injin da ake kira DI; hanyar Kaduna da Zariya da Kano ta ratsa ta gefenmu; wanda yake son bugu mai yawa kuwa Shomolu ta Legas da Mokola ta Ibadan ba su fi ƙarfin motar dare ba. Ko a cikin gari, masu buga kalanda da katin biki da takardun jarrabawar makarantu suna iya haɗa littafi, in an tsaya a kansu. Mawallafin da ya buga kwafi 30 ko 50 a kusa, ya kai wasu makarantun Islamiyya, ya ajiye wasu a shagon littattafai a kasuwar IBB, ya tallata saura ta WhatsApp yana aikawa ta tasha, ya yi ɗab'i gwargwadon buƙata ke nan da kuɗin ƙasarsa, kuma cikin wata biyu zai san abin da a da sai an yi asarar jari ake saninsa, wato ko jama'a na son littafin. In ya ga kaya na tafiya, ko wata makaranta ta sa littafin cikin manhajarta, sai ya koma tsohon inji da ƙarfin zuciya, yana da hujjar ciniki a hannu.

Amma zaɓen maɗaba'a a gida ma yana da ƙa'idoji, kuma malaman fiƙihu sun riga sun shimfiɗa su tun da daɗewa a babin cinikin salam, inda suka shardanta cewa abin da aka biya kuɗinsa kafin a same shi dole a san siffarsa, a san adadinsa, a san ajalinsa, domin kauce wa garari da jayayya. Haka ya kamata yarjejeniyar bugu ta kasance, a rubuce, da sa hannu. A ambaci girman littafi. A ambaci nauyin takardar ciki, domin tsakanin giram 60 da 70 da 80 akwai bambancin da ido ke gani, marar kauri takan nuna rubutun bayanta. A ambaci kaurin bango da ko za a lulluɓe shi da leda. A ambaci yadda za a haɗa shi, da waya ne ko da gam ko da ɗinki, domin littafin da ya haura shafi ɗari in aka haɗa shi da gam marar kyau, zafin watan Maris kaɗai ya isa ya warware shi. A ambaci ranar karɓa, da abin da za a yi da kwafin da ya fito a karkace ko da shafi a juye. Kada mawallafi ya biya kuɗi duka a gaba, kuma kada ya yarda a buga adadin da ya nema sai an fara fitar masa da kwafi ɗaya cikakke, ya tafi da shi gida, ya buɗe shi har tsakiya ya ga ko zai ɓalle, ya karanta shi daga bango zuwa bango. Maɗaba'ar da ta ƙi yin kwafin gwaji ta riga ta ba da labarin kanta.

Akwai wata musiba da ta keɓanci mai rubutun Hausa, wadda kamfanin ƙetare bai san da ita ba, na gida kuma ba kowa ne ya damu da ita ba, ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Sau da yawa mawallafi zai kai rubutunsa lafiya lau, a buɗe shi a wata kwamfuta da ba ta da irin harafin da ya yi amfani da shi, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma akwatuna ko alamar tambaya, ko yaron shago ya ga sun dame shi ya miƙe su gaba ɗaya, ma'ana ta lalace a shafi bayan shafi. Mai littafin addini da ke kawo nassin Larabci da wasulla, ko mai rubutun ajami, hatsarinsa ya ninka, domin kuskure a aya ko hadisi ba abin wasa ba ne. Maganin wannan shi ne mawallafi ya kammala tsara shafukansa, ya mayar da su PDF tare da cusa haruffan a ciki, ya miƙa wannan kaɗai, ya kuma hana a taɓa masa ko ɗigo ba da saninsa ba.

Na san akwai masu sukar wannan hanya baki ɗaya, kuma sukarsu tana da ƙarfi. Suna cewa a zamanin Hukumar Talifi rubutu ba ya fita sai ya bi ta hannun masu tacewa, yanzu kuwa duk mai naira dubu kaɗan ya zama mawallafi, kasuwa ta cika da littattafai marasa ƙa'idar rubutu, masu haɗe kalmomin da ya kamata a raba, masu raba na haɗewa. Gaskiya ne, amma laifin bai rataya a wuyan inji ba, yana wuyan mai gaggawa. Magabata ba sa sakin littafin da aka kwafa sai an yi muƙabala, wato mutum biyu su zauna, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi, har a tabbatar babu ragi babu ƙari. Kuɗin da sabon inji ya rage wa mawallafi, haƙƙin littafin ne a kashe wani kaso nasa wajen biyan masanin harshe ya duba rubutun, da mai zane ya tsara bango na mutunci. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi tabbata irin littafin da aka yi rowar gyaransa. Wata falalar bugu kaɗan-kaɗan ma ita ce kuskuren da aka gano a kwafi 50 na farko ana gyara shi a na biyu, alhali wanda ya buga 2,000 sai ya zauna da kuskurensa shekara da shekaru.

Saura mas'alar mallaka, wadda a ganina ta fi duk abin da ya gabata muhimmanci, ko da yake ita aka fi sakaci da ita. Lambar shaidar littafi ta duniya, wato ISBN, a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma dokarsa ta 1970 ta wajabta wa mai bugu mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na kowane littafi a can. Wanda ya karɓi lambar kyauta daga Amazon ya sani ba za ta yi masa aiki a wani wuri ba, wanda kuma ya bar maɗaba'a ta manna masa lamba daga cikin nata, to a rajista sunanta ne zai fito a matsayin mai ɗab'i. Ya fi kyau mawallafi ya nemi tasa da sunansa. Haka nan ya riƙe asalin rubutunsa da zanen bangonsa a wurare biyu ko uku, kada ya bar su a kwamfutar maɗaba'a kaɗai, domin mai riƙe da su yana iya bugawa ya sayar a bayan idonsa, ko ya riƙe su garkuwa ranar da aka saɓa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana kare mawallafi, amma shari'a na son hujja a rubuce. Rufewar dandalin OkadaBooks a ƙarshen Nuwamban 2023, bayan shekara goma marubutan Hausa da dama suna sayar da littattafansu ta nan, ta isa izina cewa kamfani na iya gushewa dare ɗaya. A kuma yi hattara da masu tallar cewa za su mayar da mutum shahararren marubuci in ya biya dunƙulallen kuɗi, alhali abin da za su yi masa bai wuce ɗora littafin a inda shi ma zai iya ɗorawa kyauta ba. A tambaye su dalla-dalla me kowace naira za ta saya, kuma da sunan wa za a buɗe asusun.

Jihar Neja ba baƙuwar adabi ba ce. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi da Ben Okri, jihar ce ta ba da Abubakar Gimba, kuma reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da ke can yana cikin masu ƙwazo. Abin da ya rage wa marubutan Suleja shi ne su haɗa kai a kan abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Idan mawallafa goma suka je wa maɗaba'a ɗaya da aikinsu tare, za su sami rangwamen da ɗayansu ba zai samu ba, za su iya ɗaukar mai duba rubutu guda su riƙa biyansa, su kuma ajiye kundin da ke nuna wace maɗaba'a ce ta cika alkawari, wace ce ta saɓa. Masu makarantu da majalisar masarauta da ƙaramar hukuma kuwa, taimakon da ya fi amfani daga gare su shi ne su sayi kwafi 20 ko 30 na littafin da ya cancanta su sa a ɗakunan karatu, maimakon alkawuran ranar ƙaddamarwa da akasari ba a cikawa. Shi kuma mai rubutu, kafin ya taka ƙofar kowace maɗaba'a, ya zauna ya rubuta sunayen mutane da makarantu da shagunan da yake da yaƙinin za su saya. Adadin da ya samu, shi ne adadin bugunsa na farko.